AMON MAƁALLAN TARHO: YADDA AKE HAƊA NA'URARSA DA ABIN DA YAKE KOYA MANA GAME DA KUNNE

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa riƙe wayar salula ya san ɗan ƙaran nan da ke fita idan an danna lamba. Muna jin sa a tashar motar Dutse, muna jin sa a kasuwar Shuwarin, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka tambayi kansu dalilin da ya sa ƙaran lamba 1 ya bambanta da na lamba 9. Haka kuma idan mutum ya kira kamfanin waya aka ce masa ya danna lamba kaza domin a yi masa magana da Hausa, ta yaya na'urar da ke can nesa take gane lambar da ya danna?

Wannan maƙala za ta amsa waɗannan tambayoyi, sannan ta nuna wa ɗalibai da malamansu yadda za su haɗa 'yar ƙaramar na'ura mai aiki da baturi, wadda za ta shiga aljihu, ta riƙa fitar da wannan amo. Mai karatu zai iya mamakin abin da ya kai malamin ilimin halittu ga harkar wayoyi da dalma. Dalilin shi ne kunne. An tsara amon tarho ne bisa la'akari da muryar ɗan'adam da jinsa, kuma aikin da na'urar kamfanin waya ke yi na rarrabe amo, shi ne aikin da kunnenmu ke yi dare da rana.

2.0 Sauti da yawan kaɗawa

Sauti yana samuwa ne idan wani abu ya kaɗa, ya tura iskar da ke kewaye da shi gaba da baya. Idan makaɗin kalangu ya matse tsarkiya a hammatarsa, fatar takan ɗame, ta riƙa kaɗawa da sauri, sai mu ji siririn sauti. Idan ya sassauta, kaɗawar takan ragu, sai sautin ya yi kauri. Ke nan abin da ke bambanta siririn sauti da kakkaura shi ne yawan kaɗawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Ma'aunin wannan shi ake kira hez, daga sunan wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Hertz, wanda ya rayu daga 1857 zuwa 1894. Idan aka ce hez 697, ana nufin kaɗawa 697 a daƙiƙa guda.

Lafiyayyen kunnen matashi yana jin sauti daga wajen hez 20 zuwa hez 20,000. Shi kuwa layin tarho na gargajiya, an tsara shi ya ɗauki abin da ke tsakanin hez 300 da hez 3,400 kawai, domin a nan ne mafi yawan abin da ke sa a fahimci magana yake. Saboda haka duk wani amo da ake son ya bi ta hanyar da murya ke bi, dole ne ya kasance cikin wannan iyaka.

3.0 Yadda kunne ke rarrabe sauti

Idan sauti ya shiga ramin kunne, yakan kaɗa wani siririn tantani. Tantanin yana miƙa kaɗawar ga wasu ƙananan ƙasusuwa guda uku, waɗanda su ne mafiya ƙanƙanta a jikin mutum, su kuma su miƙa ta ga wata gaɓa mai cike da ruwa wadda ta naɗe kamar katantanwa. A cikin wannan katantanwa akwai wata shimfiɗa mai tsawon kimanin milimita 35. Farkonta siriri ne mai tauri, ƙarshenta kuwa ya fi faɗi da laushi. Siririn sauti yana kaɗa farkon shimfiɗar, kakkauran sauti kuma yana kaɗa can ƙarshenta. A bisa shimfiɗar akwai dubban ƙwayoyin halitta masu 'yan gasu a kansu, kuma duk inda ya kaɗa, ƙwayoyin wurin ne ke aika saƙo ta jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. Idan amo biyu suka shigo tare, wurare biyu ne za su kaɗa.

Abin sha'awa shi ne, mutumin da ya tabbatar da wannan bayani ma'aikacin tarho ne. Sunansa Georg von Békésy, ɗan ƙasar Hangari, wanda ya fara aiki a ɗakin binciken tarho na hukumar gidan waya ta ƙasarsu a 1923. Yana neman hanyar kyautata sautin tarho ne ya ga cewa sai ya fara sanin yadda kunnen da ke sauraron tarhon yake aiki. Daga nan ya duƙufa binciken kunnuwan gawarwakin mutane da na dabbobi, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci a 1961.

4.0 Daga juya lamba zuwa danna maɓalli

Alexander Graham Bell ya sami takardar mallakar fasahar tarho a 1876. A farkon al'amari ma'aikata ne ke haɗa mai kira da wanda ake kira da hannu. A 1891 wani Ba'amurke mai sana'ar shirya jana'iza, Almon Strowger, ya yi rajistar na'urar da ke haɗa layi da kanta. Daga baya aka sami tarho mai faifan juyawa, wanda iyayenmu suka sani a ofisoshi. Idan an juya faifan aka sake shi, yakan riƙa yanke lantarkin layin yana mayarwa, kimanin sau 10 a daƙiƙa. Lamba 3 yankewa uku ce, sifiri kuwa yankewa goma. Wannan hanya tana da jinkiri, kuma yankewar ba ta wuce ofishin haɗa layi na kusa, don haka ba a iya ba wata na'ura ta nesa umarni da ita bayan an ɗauki kira.

Ranar 18 ga Nuwamba, 1963, kamfanin Bell na Amurka ya fara ba jama'a tarho mai maɓallai a garuruwan Carnegie da Greensburg na jihar Pensilbeniya. Wannan tsari shi ake kira DTMF a taƙaice, ma'anarsa haɗa amo biyu daga cikin amo masu yawa. Da yake tsofaffin tarho masu faifai sun daɗe ba su ƙare ba, sai aka riƙa sayar da 'yar na'urar aljihu mai maɓallai da lasifika. Mutum zai kira da tsohon tarho, sannan ya kara na'urar a bakin tarhon ya danna lambobi, domin ya saurari saƙonnin da aka bar masa ko ya yi hulɗa da banki. Irin wannan na'ura ce za mu haɗa.

A nan gida, an kafa NITEL a 1985. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse hedikwatarta, tarho abu ne na ofisoshin gwamnati da gidajen 'yan ƙalilan. Har zuwa farkon 2001 layukan da ke aiki a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. A watan Agustan wannan shekara ne wayar salula ta GSM ta fara aiki, ta kai maɓallan nan goma sha biyu har ƙauyukan Kiyawa da Jahun da Buji da Miga.

5.0 Sirrin amo biyu

An jera maɓallan tarho a layukan kwance huɗu da layukan tsaye uku. Kowane layi yana da amonsa, kamar haka:

Layukan kwance
1, 2, 3: hez 697
4, 5, 6: hez 770
7, 8, 9: hez 852
*, 0, #: hez 941

Layukan tsaye
1, 4, 7, *: hez 1209
2, 5, 8, 0: hez 1336
3, 6, 9, #: hez 1477

Akwai layin tsaye na huɗu mai hez 1633, mai ɗauke da haruffan A, B, C da D, amma ba a sa shi a wayoyin jama'a. Idan aka danna lamba 5, amo biyu ne ke fita tare, wato hez 770 da hez 1336. Na'urar da ke karɓa tana da matatai na lantarki da ke raba su, kamar yadda shimfiɗar cikin katantanwar kunne take yi, sai ta gane cewa mahaɗar waɗannan layuka biyu ita ce 5.

Me ya sa ba a wadatu da amo ɗaya ba? Domin muryar mutum ko fito ko kiɗa na iya faɗawa kan amo ɗaya bisa tsautsayi, na'ura ta ɗauka lamba aka danna. Kuma muryar mutum tana tafe ne da rakiya: idan maƙogwaro ya kaɗa a hez 120, za a sami wasu sautuka a hez 240 da 360 da 480, haka har sama, kowanne ninkin na farko. Don haka aka zaɓi alƙaluman nan ta yadda babu wanda yake ninkin wani, kuma idan aka tara biyu ko aka ɗebe ɗaya daga ɗaya, ba za a sami na uku ba. Da wuya ƙwarai maƙogwaro ya fitar da irin wannan haɗi.

6.0 Aiki na farko: amo daga ayisi 555

Kafin a kai ga cikakkiyar na'ura, yana da kyau ɗalibi ya fara fitar da amo ɗaya da hannunsa. Za mu yi amfani da 'yar ƙwaƙwalwar lantarkin nan da masu gyaran rediyo ke kira ayisi, mai lamba 555, wadda Hans Camenzind ya tsara, ta shiga kasuwa a 1972. Ana samun kayan a wajen masu gyaran rediyo da talabijin, ko a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Abubuwan da ake buƙata su ne:

a. Ayisi 555, mai ƙafa 8
b. Rizista mai om 1,000 (zanenta ruwan ƙasa, baƙi, ja). Ita ce R1
c. Rizista mai om 2,200 (ja, ja, ja) da rizistar murɗawa mai om 10,000. Su biyun a jere su ne R2
d. Kafasita mai maikirofarad 0.1, wadda aka rubuta wa 104. Ita ce C
e. Rizista mai om 220 da kafasita mai maikirofarad 100
f. Ƙaramar lasifika mai om 8, baturi mai bolt 9, makunni, da allon gwaji mai ramuka

A bayan ayisin akwai ɗan ɗigo kusa da ƙafa ta 1. Daga nan ake ƙirga ƙafafun, ana zagayawa saɓanin tafiyar hannun agogo. Ga yadda ake haɗawa:

1. A haɗa ƙafa ta 1 da baƙar wayar baturi.
2. A haɗa ƙafa ta 8 da ta 4 da jar waya, ta hanyar makunni.
3. A sa R1 tsakanin ƙafa ta 8 da ta 7.
4. A sa R2 tsakanin ƙafa ta 7 da ta 6.
5. A haɗe ƙafa ta 6 da ta 2, sannan a sa C daga nan zuwa baƙar waya.
6. Daga ƙafa ta 3 a bi ta rizista mai om 220, sai kafasita mai maikirofarad 100, sai lasifika, a ƙare a baƙar waya. Ƙafar kafasitar mai alamar + ita ke fuskantar ayisin.

Abin da ke faruwa shi ne, kafasita C tana cika da lantarki ta hanyar R1 da R2, idan ta kai kashi biyu bisa uku na ƙarfin baturi sai ayisin ya juye ta ta hanyar R2, idan ta sauko kashi ɗaya bisa uku sai ta sake cika, tamkar tulun da ake cikawa ana juyewa. Ana lissafin saurin wannan da ƙa'ida kamar haka:

Yawan kaɗawa = 1.44 ÷ [(R1 + 2 × R2) × C]

Idan R2 ta zama om 9,830, to (1,000 + 19,660) × 0.0000001 zai ba da 0.002066, kuma 1.44 ÷ 0.002066 shi ne hez 697. Idan aka murɗa ta koma om 5,455, za a sami hez 1209. Da wannan haɗi ana iya samun daga wajen hez 570 zuwa hez 2,670, wato dukkan amon tarho takwas suna ciki. Akwai manhajojin waya na kyauta da ke auna yawan kaɗawar sauti, su za su taimaka wajen saitawa. Idan rukunin ɗalibai biyu suka haɗa nasu, ɗaya ya saita 697, ɗaya 1209, aka kunna tare, ajin zai ji wani abu mai kama da ƙaran lamba 1.

Sai dai wannan haɗi yana da naƙasu biyu. Na farko, na'urar karɓa tana son amo ya tsaya cikin kashi 1.5 bisa ɗari na ainihin alƙaluminsa, wato kimanin hez 10 sama ko ƙasa ga amon 697. Zafi kuwa yana sauya ƙarfin kafasita. Na taɓa saita wannan haɗi da wasu ɗalibai da sanyin safiya, muka ajiye shi kusa da taga, da muka dawo bayan azahar amon ya goce, na'urar karɓa ta ƙi gane shi. A garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Na biyu, amon 555 yana da kaushi, domin yana tafe da 'yan rakiya, musamman ninki na uku da na biyar, waɗanda ke rikita matatan na'urar karɓa.

7.0 Aiki na biyu: cikakkiyar na'urar aljihu

Maganin waɗannan matsaloli shi ne ayisin da aka yi musamman domin tarho, mai lamba 5087, mai ƙafa 16. Yana karɓar bolt 9, kuma yana ɗaukar saitinsa daga wani ɗan dutsen ma'adini da ke cikin kwanson ƙarfe, wanda ake kira kiristal. Kiristal ɗin yana kaɗawa sau 3,579,545 a daƙiƙa, zafi bai cika taɓa shi ba, shi kuwa ayisin sai ya rarraba wannan adadi har ya fitar da amon kowane layi, da kuskuren da bai kai kashi ɗaya bisa ɗari ba. An zaɓi wannan kiristal ne saboda arha, domin an riƙa yin sa da yawa don talabijin mai launi na Amurka. A nan sai a yi hattara. Tsarin talabijin na Nijeriya ya bambanta, kiristal ɗinsa 4.43 ne, kuma idan aka sa shi, amon 697 zai koma wajen 863. A duba a tabbata an rubuta 3.579 ko 3.58 a jikinsa. Tsohon tarhon tebur mai maɓallai da ya lalace taska ce, domin akwai allon maɓallai a cikinsa, galibi har da wannan kiristal.

Ga haɗin:

1. Ƙafa ta 1 zuwa jar waya, ƙafa ta 6 zuwa baƙar waya.
2. Kiristal tsakanin ƙafa ta 7 da ta 8.
3. Layukan tsaye uku zuwa ƙafa ta 3, ta 4 da ta 5.
4. Layukan kwance huɗu zuwa ƙafa ta 14, ta 13, ta 12 da ta 11, bi da bi.
5. Amo yana fita ta ƙafa ta 16. A sa rizista mai om 1,000 daga nan zuwa baƙar waya, sannan a ɗauki amon ta kafasita 104 zuwa rizistar murɗawa mai om 10,000 domin ƙara sauti da rage shi.
6. A kai amon ga ayisin ƙara sauti LM386 ta ƙafarsa ta 3. Ƙafa ta 2 da ta 4 zuwa baƙar waya, ta 6 zuwa jar waya, ta 5 kuma ta bi ta kafasita mai maikirofarad 220 zuwa lasifika.

Idan ayisin da aka samu yana da wata lamba dabam, kada a bi wannan jeri na ƙafafu. A nemi takardar bayanin masana'antarsa tukuna. Bayan an gwada a allon gwaji an ga yana aiki, sai a mayar da shi kan allon dalma a liƙe, a saka a cikin robar sabulu, a huda wa lasifika ramuka. A yi liƙin dalma a wuri mai iska, a wanke hannu bayan an gama domin akwai darma mai guba a cikinta, kuma kada a kusanci wutar gida da wannan aiki. Baturi ya isa.

8.0 Gwaje-gwaje a aji

Gwaji na farko: a bar ƙafa ta 15 ba a haɗa ta da komai ba, a danna 1 da 2 tare. Amon layin kwance kaɗai zai fita, wato 697. A danna 1 da 4 tare, sai a ji 1209 shi kaɗai. Sannan a danna 1 ita kaɗai, a ce ɗalibai su rufe ido su nemi amon biyu a cikin ƙaran. Bayan 'yan maimaitawa, da yawansu za su fara jin su a rabe.

Gwaji na biyu ya shafi harshenmu. Hausa harshe ne mai karin sauti: kukan yaro da itacen kuka rubutunsu ɗaya, hawa da saukar murya ne ke raba su. Tushen muryar namiji yana wajen hez 120, ƙasa da hez 300 da layin tarho na gargajiya ke fara ɗauka. To, ta yaya muke jin karin sauti a tarho? Amsar ita ce 'yan rakiyar nan, 360 da 480 da 600, suna wucewa, ita kuwa ƙwaƙwalwa sai ta gane tushen daga tsarinsu ko da shi kansa bai iso ba. Ɗalibai su gwada faɗin irin waɗannan kalmomi ta waya, ɗaya yana waje, sauran suna rubuta abin da suka ji.

9.0 Amfani da gargaɗi

Ya kamata a sani cewa wayar salula ba da amo take aika lambar da ake kira ba. Tana aika ta ne a matsayin saƙon alƙaluma, haka ma lambobin banki masu farawa da * su ƙare da #. Amon yana aiki ne bayan an ɗauki kira. A nan ne amfaninsa yake ga manomi. Akwai ayisin karɓa mai lamba MT8870, wanda ke sauraron amon ya mai da shi siginar ƙafafu huɗu: lamba 1 ita ce 0001, lamba 5 kuma 0101. Idan aka sa fitilu huɗu ƙanana, ɗalibi zai ga lambar da ya danna da idonsa. Idan kuma aka haɗa shi da tsohuwar waya da makunnin lantarki, mai noman rani a fadamar Jahun ko mai gonar dabino a Dutse zai iya kunna famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana daga gida. Wannan aiki ne da ya dace da gasar kimiyya ta makarantun sakandare.

Wasu ɗalibai za su ji labarin matasan Amurka na shekarun 1960 da 1970 da suka yi amfani da wani amo dabam, mai hez 2600, suna yaudarar layin kamfani don yin kira ba biya. Wannan sata ce, an hukunta wasunsu, kuma kamfanoni sun daɗe da raba hanyar umarni da hanyar murya, don haka ƙofar ta rufe.

Gargaɗi na ƙarshe na kunne ne. Kada a kara lasifika a kunne da ƙarfi. Ƙwayoyin nan masu gashi idan suka mutu ba sa sake tsirowa a jikin mutum. Zama na awa takwas kullum cikin ƙara mai ƙarfin desibel 85 ko fiye yana lalata ji sannu a hankali, kuma yaran da ke yini a gidan injin niƙa ko kusa da janareta suna cikin wannan haɗari.

10.0 Kammalawa

Mun ga yadda lamba ɗaya ke zama amo biyu, da yadda na'ura da kunne ke rarrabe su ta hanya mai kama da juna. Sau da yawa mukan ce rashin kayan aiki ne ya hana mu gwaji a makarantunmu, alhali kayan wannan darasi ba su cika tafin hannu biyu ba, wasunsu ma suna cikin tarkacen da ake zubarwa. Muna kira ga malaman fiziks da na ilimin halittu su haɗa kai su koyar da wannan darasi a zama ɗaya, domin ɗalibin da ya shiga Jami'ar Tarayya ta Dutse ko wata kwalejin fasaha ya je da hannun da ya riga ya saba da aiki.

Tambayoyi

1. Waɗanne amo biyu ne ke fita idan an danna 9? Idan an danna sifiri fa?
2. Yi amfani da ƙa'idar sashe na 6.0 ka gano ƙimar R2 da za ta ba da hez 941.
3. Nawa ne kashi 1.5 bisa ɗari na hez 1477?
4. Tsakanin hez 697 da hez 1477, wanne ne zai kaɗa wurin da ya fi kusa da farkon shimfiɗar katantanwar kunne? Kawo dalili.